Ashe Taurari Ba Hayaƙi Ba Ne

Daren da muka kwana a Garhanga ne komai ya canza mini.

Mun je gaida Inna, mahaifiyar maigidana. Babu wutar lantarki a gidan, cajin wayar da nake karanta littattafan soyayya ya ƙare, sai muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i.

Inna ta nuna sama. "Amarya, ga Kaza da ɗiyanta can. Ɗiya nawa kinka gani?"

"Inna, wace kaza? Hayaƙi-hayaƙi dai nake gani, kamar kullum."

"Kamar kullum? Subhanallahi! Ke, mi ya samu idonki?"

Maigidana ya cire tabaraunsa ya ɗora mini. Wallahi ihu na yi! Sama ta cika fal da ƙananan fitilu masu kaifi, kowace daban, kamar an watsa gero a baƙin zane. Na cire, suka narke. Na mayar, suka dawo.

Tun tasowata, in saurayin littafi ya ce idon budurwa kamar tauraro, zatona lumshewa yake nufi.

Inna ta kwashe da dariya. "Shi ya sa kike cewa ɗana kyakkyawa na!"

Da can na raina tabarau, don ban taɓa karanta labarin amarya mai tabarau ba. Cikinku akwai wadda ta rayu a hayaƙi irina ba ta sani ba?

Ni dai Litinin zan je wurin likitan ido a Madawa.