Ƙashi Daban, Farar Ƙasa Daban

Eusebio Lencina bai taɓa taka Antatika ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a ɗakin ƙasa, can ƙarƙashin ginin gidan tarihin garin, kuma duk abin da ya sani na wannan nahiya a akwatunan katako yake zuwa masa. Jirgin ruwa ya sauke su a tashar Río Gallegos, babbar mota ta ƙaraso da su. A ciki duwatsu ne naɗe da tsumma, a cikin duwatsun kuma ƙasusuwan dainaso, dabbobin da suka yi kiwo a can tun wurin yana daji, kafin ƙanƙara ta rufe shi.

Aikinsa raba ƙashi da dutse. Kayan aikin ɗan inji ne mai kamar alƙalami, da allurai, da buroshi. Wata rana ya wuni bai cire abin da ya kai cikin cokali ba. Ƙura ta zauna masa a ƙirji, yatsunsa biyu na dama sun daina miƙewa. Masu bincike su zo su yi dogon bayani su tafi, shi kuwa ya kurɓi shayin mate ya koma kan dutsensa.

Dabba ɗaya ta ci masa shekara tara. Sanyi ya farfasa ƙasusuwanta tun a can, sai da ya riƙa harhaɗa su kamar fasasshiyar tukunya. Da ya gama, abin da ke hannu bai kai sulusinta ba: ƙugu, ƙafar baya ɗaya, rabin wutsiya, 'yan haƙarƙari da guntun muƙamuƙi. Sauran ya ƙera da farar ƙasa bisa zanen Dakta Mirta Echenique, shugabar sashen, wadda ta haƙo dabbar da kanta. Al'adar ɗakin ita ce, duk inda aka cike da hannu a shafa masa fenti ruwan toka, ƙashin gaske a bar shi da ruwan ƙasarsa. Mai kallo ya san abin da aka haƙo, ya san abin da aka kintata. Haka ya tarar, haka ya yi.

Saura mako uku a buɗe baje kolin dabbar a zauren gidan tarihin, aka kawo mai shirya fim daga Buenos Aires, Nahuel Bertoni, don ya yi fim ɗin da za a riƙa haskawa a zauren. Ya zagaya ƙwarangwal ɗin sau biyu, ya leƙa ta kyamara, ya yi tsaki.

"Baba, ƙyanda dabbar nan taka ta yi? Faci kan faci, kamar rigar mahaukaci."

"Haka take," in ji Eusebio.

"A shafe ta da launi ɗaya mana. Yara za su zo, so muke su buɗe baki."

"Su buɗe. Sai ka zuba musu me?"

Nahuel ya bushe da dariya. "Dakta, ashe tsohon naki yana cizo!"

Dakta Mirta ba ta yi dariya ba. Shekaru ta yi tana roƙon a ba ta wannan zaure, ta kuma san idan mutane ba su zo ba za a karɓe shi.

"Malam Eusebio, launi ɗaya za a yi," ta ce. "Za mu kafa allo a gefe, mu rubuta abin da yake na gaske."

"Wa ke karanta allo, Dakta?" in ji Eusebio.

"Ba gardama na zo yi ba. Zuwa Litinin. In ba za ka iya ba, masu fentin bango suna nan."

Saura wata biyar Eusebio ya yi ritaya, wannan ce dabbarsa ta ƙarshe. Ya san za ta tsaya a zauren nan bayan an binne shi, tana faɗa wa mutane ko gaskiya ko ƙarya, kuma da hannunsa.

Ya kwance haƙarƙari biyu, ɗaya na gaske, ɗaya wanda ya ƙera. Kwana uku ya yi kan na ƙirar. Ya haɗa launi, ya zana masa tsaga da allura, ya sa masa ɗigon baƙi inda ƙarfen dutse kan bar tabo. Bai taɓa yin fenti mai kyau irin wannan ba.

Ranar Litinin Dakta ta sauko da Nahuel, ta ga ƙwarangwal yana nan da tokarsa. Fuskarta ta ɗaure. Kafin ta yi magana ya nuna mata tebur, inda haƙarƙarin biyu suke kwance kan baƙin zane.

"Ga samfurin aikin. Kar ki taɓa. Nuna min na gaske."

"Haba, Malam Eusebio, wasan yara za mu yi?"

"Nuna dai, ranki ya daɗe."

Ta gyara tabarau, ta sunkuya. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta nuna na hagu. "Wannan. Ina ma tuna ranar da muka ciro shi."

Eusebio ya ɗauki na hagun, ya kankare gefensa da allura. Farin gari ya zubo kan zanen.



"Ke kika haƙo ta," ya ce. "Nan da shekara ashirin na mutu, ke kin tafi, allo ya ɓata. Wata ɗaliba za ta zo ta auna wannan, ta rubuta a littafi cewa ƙashin gaske ne."

Nahuel ya ce, "Kai, Baba, ai wannan gwaninta ce! Abin da nake so ke nan."

Dakta ba ta dube shi ba. Ta shafa garin da ɗan yatsa, ta tsaya tana kallonsa.

"Mayar da shi ruwan toka," ta ce, ta juya ta hau bene.

Amma nasarar ba ta zo kyauta ba. Nahuel ya ce ba zai ɓata fim ɗinsa da faci ba. Ya sa aka zana masa dabbar a kwamfuta, cikakkiya, tana tafe cikin itatuwa. Ƙwarangwal ɗin ya samu 'yan daƙiƙu a ƙarshe. Hoton da aka ɗauka na Eusebio yana aiki kuwa aka yanke shi gaba ɗaya.

Ranar buɗewa jama'a suka cika gaban fim ɗin har da masu zama a ƙasa. Yawancinsu wucewa suka yi ta gaban ƙwarangwal ɗin ba su rage sauri ba. Eusebio ya tsaya daga nesa cikin kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi, yana ƙoƙarin danne tari. Da aka fara jawabai ya sauka ɗakin ƙasa, ya rataye kwat, ya ɗaura rigar aiki. Akwai akwati biyu da suka iso tun bara, ba a buɗe ba. Ba zai gama su ba, amma ya ɗauko guduma ya fara zare ƙusoshi.