Don Evaristo da Gwangwanin da Ba Shi da Suna

Kafin rana ta gama ɗagowa daga bayan itatuwan kalden, Don Evaristo Zubiría ya riga ya buɗe ɗakin aikinsa da ke bayan tsohuwar tasha, wadda jirgin ƙasa ya daina zuwa tun muna yara. Ba ya taɓa komai sai ya share teburi. Daga nan ya ɗora ruwa, ya cika ƙoƙonsa da ganyen mate, shayin yankinmu, ya zauna a bakin ƙofa yana zuƙa a hankali, idonsa na kan filin ciyawa har inda ƙasa ta haɗu da sama. In ka gaishe shi a wannan lokaci, amsarsa takan iso maka kamar daga wani gari mai nisa. Shekara arba'in da uku ya yi a haka.

Aikinsa sake cika kwanson harsashi ne. Sabon harsashi sai an je Santa Rosa, tafiyar rabin yini, don haka duk makiyayin da ya harba bindiga a yankinmu sai ya duƙa ya tsinci kwansonsa. A tsohuwar safa ake kawo masa su. Ya wanke, ya ɗaga kowanne ga hasken da ke zubowa ta ramin kwanon rufi, mai tsaga ya jefar ko da mai shi zai yi kuka. In lokacin awon albarushi ya yi, sai ya rufe ƙofa da taga, domin iska kaɗan takan motsa allurar sikelinsa. Ba ya magana, ba ya amsa sallama, kuma ba a taɓa ganin gwangwanin albarushi biyu a kan teburinsa lokaci guda ba. Matarsa, Doña Zulema, takan ce da sikelin nan yake zaman aure, ita maƙwabciya ce kawai mai kawo masa abinci.

Da yawanmu mun sha yin mita a kan jinkirinsa, ni ma ina ciki. Wani mai kuɗi daga babban birni, da ya zo farautar barewa, ya taɓa neman a ƙara masa albarushi don harsashinsa ya fi na kowa zafi. Don Evaristo ya zuba masa mate, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna masa hanyar da motar Santa Rosa ke bi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a shekarar da albarushin da muka saba da shi ya ɓace daga kasuwa. Kowa ya shiga neman madadi. Don Evaristo bai ƙi madadi ba, sai dai yana da hanyarsa. Dole ya san sunan abin, dole ya same shi a cikin littafinsa na awon albarushi, sannan ya fara daga awo mafi ƙanƙanta. Ya ɗaure bindiga a jikin bishiya, ya ja kunamarta da doguwar igiya daga bayan katanga, ya ɗauko kwanson ya yi ta juya shi a tafin hannu kamar mai duba ƙwai. Abin yakan ɗauke shi makonni, mutane kuwa ba su da makonni.

A cikin waɗanda ba su da su har da Nicanor Alcaraz, makiyayi mai kula da tumakin wani a can bakin tafkin gishiri. Lokacin haihuwar tumaki ne, aladun daji sun gano garken, kullum safiya sai ya tsinci ragowar ɗan rago. Mai garken ya aiko masa cewa in abin ya ci gaba ya kwashe iyalinsa ya bar gidan. Ran nan ya iso a kan doki, ya dire wani gwangwanin alewar dankali a kan teburi, cike da baƙin gari da ya samo a rumbun marigayi surukinsa.

"Tsoho, cika min ashirin. Ga albarushi na kawo da kaina, ba sai ka fara min waƙar babu ba."

Don Evaristo ya buɗe, ya shinshina, ya zuba kaɗan a tafi, ya juya gwangwanin yana neman rubutu.

"Sunansa fa?"

"Ga shi nan a jiki, alewar dankali."

"To tafi da shi gida ku ci da cuku."

Nicanor bai yi dariya ba. Ya ce albarushi ai albarushi ne, duk wuta yake ci, kuma in an ƙi yi masa, kayan aikin surukinsa na nan, zai auna da ɗan cokalin da ya ga ana amfani da shi ya cika abinsa da kansa. Don Evaristo ya yi masa bayani cewa akwai mai ci a hankali, akwai mai tashi gaba ɗaya, ido kuma ba ya rarrabe su. Maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Ya dubi fuskar makiyayin, ya gane cewa ba barazana yake yi ba, zai aikata.

Sai ya shiga cikin gida ya fito da bindigar mahaifinsa. Duk garin ya san bindigar nan. Ita kaɗai tsohon ya bar masa, kuma kowace Lahadi sai ya shafe ta da mai ko bai harba ta ba. Doña Zulema ta biyo shi har ƙofa, ta kira sunansa sau ɗaya, bai juyo ba. Ya ce wa Nicanor ya ɗebo garin da hannunsa, daidai yadda ya yi niyyar ɗiba a gida. Ya cika kwanso guda, ya ɗaure bindigar a jikin kalden ɗin bayan tasha, suka koma bayan katanga su biyu, ya miƙa masa bakin igiyar.

Waɗanda ke shagon Basualdo, ɗan kasuwar garinmu, a ranar sun ce ƙarar ba irin ta bindiga ba ce. Aku-kuturun da ke kan tankin ruwa suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi kore na ɗan lokaci, sannan komai ya yi tsit, hayaƙi na tafiya a hankali a kan ciyawa. Da suka fito, ƙarfen ya tsage, katakon ya rabu biyu, wani guntun ƙarfe ya nutse a jikin bishiyar ta baya, daidai inda fuskar mai harbi takan kasance. Nicanor ya daɗe a tsaye. Can ya ɗaga hannu ya rufe idonsa na dama, ya buɗe, ya sake rufewa.

Kwana tara Don Evaristo ya yi yana gwada wani albarushi mai suna da aka samo masa daga wani gari, kafin ya yarda ya cika wa Nicanor ashirin ɗinsa. A kwanakin nan an ƙara asarar 'yan raguna, amma garken ya tsira, gidan ma ya tsira. Maganar bindigar kuwa bai sake tayar da ita ba. Doña Zulema ce ta gaya min cewa abin ya yi masa zafi ƙwarai, ya naɗe gutsattsarin a bargo ya ajiye a saman kabad, ya yi kwanaki abinci ba ya yi masa daɗi.

Don Evaristo, kai ne wanda ya gwammace a tafi ana zaginsa da a dawo ana ɗauke da mutum. Kai ne mai hannu mai sanyi a kan abu mai zafi. Babu wanda ya taɓa ba ka takardar yabo, domin aikinka ba ya barin abin nunawa. Shaidarsa kawai ita ce, a duk yankin nan ba za a nuna maka mutum ɗaya da ya rasa yatsa ko ido saboda harsashin da ya fito daga hannunka ba. Mun gode, kuma ina jin kunyar mitar da na yi. Ku masu sana'ar da ran wani ke rataye a kanta, ku koyi cewa "ban san wannan ba, ba zan taɓa shi ba", ko da mai kayan zai yi fushi.

A watan jiya ya rufe ɗakin aikin. Ba wanda ya ce ya rufe. Wata safiya ya duba allurar sikelin ya ga ta zama biyu, ya goge tabarau ya sake dubawa, sai ya mayar da albarushin cikin gwangwaninsa ya sa kwaɗo. Likita ya ce hasken zai yi ta raguwa. Yanzu ko manyan haruffan jarida ba ya iya haɗawa.

Nicanor ya tsufa shi ma, ya bar kiwo ya dawo gari wajen 'yarsa. Kullum da hantsi sai ya zo da jarida a hammata, ya ja kujera, ya fara karanta masa tun daga farashin ulu har sanarwar rasuwa. Karatun nasa na aji uku ne, yana bi da yatsa yana tuntuɓe, Don Evaristo na yi masa gyara daga ka. Shekaranjiya ina wurin, Don Evaristo ya gaji, ya ce masa ya huta haka nan, kada ya ƙarar da idonsa a kan mutumin da ya gama zamaninsa.

Nicanor bai ɗago kai daga jaridar ba. Ya lashi yatsa ya juya shafi.

"Yi shiru ka saurara, tsoho. Idon ai naka ne, ajiya ka ba ni."