Damin geron uwata

Shekarar da fari ya cinye shanunmu, a gefen Gwandu muke zaune, kan hanyar Maruda. Mu mutanen shanu ne, gonarmu kashin shanu ta sani. Da rani a kwantar da garke a kanta, da damina gero ya tashi ya fi mutum tsawo. To, shanu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, gona ta zauna da yunwa kamar mu.

Abin da ya rage mini dami ɗaya ne, irin geron uwata da na zo da shi daga Diggi. Na rataye shi inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ɗiyana na kuka, ina dafa musu ganyen tafasa, ban sauke shi ba.

Da ruwa ya kusa, maigida ya je Kalgo ya dawo da buhu bisa jaki. Takin zamani, in ji shi, masu ilimi suka haɗa shi da inji. Fari kamar gishiri, ba ya wari. Malamin gona ya ce masa ɗan kaɗan ake sawa, nesa da gindi, sai bayan gero ya tsiro.

Na ce wa maigida, "Malam, ka dai ji abin da mutumin ya ce?"

Ya ce, "Na ji. Rowa ce irin ta ma'aikata. Ke tun da aka haife ki, kin taɓa ganin taki ya yi wa gona yawa?"

Ban musa ba, ni ma iyakar sanina ke nan. Yana sara da sungumi, ina binsa. Kowane rami tafin taki guda, irin uwata a kai, in rufe da diddige. Hannun nan nawa ne ya zuba. Buhu ya ƙare saura layi uku, muka shuka su ba taki, har na ji haushi.

Aka yi yayyafi, sama ta ɗauke. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tamu shiru. Na tona rami. Tsiron ya yi baƙi, kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Maigida ya tsuguna ya duba.

Layi ukun nan kaɗai suka tashi. Autata ba ta ga kaka ba, yunwa ta ɗauke ta.

Abin da muka yanka bai cika dami ba. Ko zangarniya ɗaya ban bari an sussuka ba. Na ɗaure, na mayar wurin hayaƙi. Tuwon da jikokina ke ci yau, daga nan ya fito.