Gawon Kaka

Asabar ta farko a watan Fabrairu, shekarar da na cika tara, Baba ya fito bayan gidanmu na unguwar Handsworth a Birmingham da aron zarto a hannu, fuska a murtuke. Abokin gabarsa wani guntun itace ne mai baƙar ƙaya da ke jikin katanga, tsirara, ko ganye ɗaya babu. Tun da muka tare a watan Nuwamba yake tsone masa ido. Ya yaga masa rigar aiki a kan igiyar shanya, ya fasa ƙwallon ƙanena, ya kuma tare wurin da Baba ke son shuka alayyafo. Hujjar Baba mai ƙarfi ce: wata uku ana tafka ruwa, itacen da ya sha wannan ruwa bai yi ganye ba, a garinmu sunansa makamashi.

Kaka, mahaifiyarsa, ita ta tare shi. An ɗauko ta daga ƙauyenmu a kudancin Kaduna don ta riƙe mu, tunda Baba na tuƙin bas, Mama kuma na aikin kula da tsofaffi. Ba ta son Birmingham, ba ta kuma ɓoye ba. Wuni take a jikin hita da zani biyu da safar Baba. Amma ran nan ta fito cikin sanyin, ta kankare reshe ɗaya da farce, sai ga kore shar a ƙarƙashin ɓawo. Ta dubi Baba ta ce, "Bulus, ka manta gawo? Da damina yake tuɓewa, da rani ya sa riga. Kowace ƙasa da gawonta." Baba ya ce, "Haba Mama, nan fa UK ce." Ta ce a ba shi wata guda. In bai farfaɗo ba a sare shi, ita ma a yanko mata tikiti, don ƙasar da ƙaya ta kasa rayuwa ba wurin tsohuwa ba ce.

Manya suka yi dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Kaka ce ke yi min kitso, ita ke jirana a bakin ƙofa in an tashi makaranta, ita kaɗai ce ba ta dariyar karyayyiyar Hausata. Sai na ɗauki jinyar itacen. Kowace safiya, bayan na wanke kofunan shayi, nakan saci ragowar ruwan ɗumi in tsiyaye masa, a garin da ko tsuntsu bai san ƙishi ba. Na naɗe gindinsa da tsohon ɗankwalin Mama. Na sa shi a addu'a a coci, har malamarmu ta tambaye ni wane ne ba lafiya a gida. A hanyar makaranta na koma mai leƙen shingen mutane. A bakin kanal, hanyar ruwan da ta ratsa gari, na ga wani itace ya zubo da zara-zaran furanni kamar wutsiyar ɗan rago, shi ma ba ganye. Na ga wata ƙaya mai rawayan fure da ƙamshin kwakwa. Kowa ya farka, namu na ta sharar barci. Haushi ya sa na taɓa kai masa shuri, ƙaya ta rama masa.

Saura kwana uku wa'adi ya cika na fito da kofina, sai na ga fari a kan baƙin reshe. Na ɗauka ƙanƙara ce. Furanni ne ƙanana guda biyar, sun ɓullo daga jikin ƙayar ba su jira ganye ba. Ihun da na yi har maƙwabciyarmu 'yar Jamaika ta leƙo, ta ce ai blackthorn ne, haka yake kowace shekara. Kaka ta ce su dai suka san wannan, ita gawo ta sani. Baba ya mayar da zarto yana sosa ƙeya: "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Kaka ta ƙara shekara bakwai tare da mu.

Yanzu ina zaune a hawa na uku a unguwar Moss Side, a wani garin, ko tukunyar fure ba ni da ita. Gidan Handsworth an shafe bayansa da siminti, Kaka kuma tana kwance a ƙauyenmu. Amma duk ƙarshen sanyi, in na hango fari a kan baƙar ƙaya daga tagar bas, sauka nake ko ban iso ba, in kankare reshe da farce. Har yau kore nake tararwa, sai dai babu wadda zan ruga in gaya wa.