Wanda Aka Ce Wa Ya Kashe Fitila

Allah ya karɓi ran Lyle Brandvold da asubahin Asabar, 27 ga watan Satumba, a bakin Tafkin Tollef, cikin duwatsun da ke bayan garinmu a jihar Montana ta Amurka. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa Noreen da 'ya'ya biyu da jikoki. Ina birnin Spokane wajen 'yata da ta haihu labarin ya same ni, kuma har yau zuciyata ba ta gama yarda ba.

Lyle, ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto ce ta nemi in rubuta maka wannan ta'aziyya. Shugabanmu Curtis ya ce in rubuta cewa ka cika cikin kwanciyar hankali, kana yin abin da ka fi so a duniya. Haka ya faɗa wa matarka, haka aka maimaita a coci. Noreen kuwa ta riƙe hannuna a makabarta ta yi mini tambaya guda. Tana son ta sani ko ka nemi taimako kafin ka cika. Na yi mata alkawarin zan bincika.

Kai ka fitar da ni daga gida shekarar da mijina ya rasu. Na rufe kaina, ko wasiƙa ba na fita ɗauka. Wata asuba sai na ji hon a ƙofa, na leƙa na ga tsohuwar motarka ta a-kori-kura. Ka sauke gilashi ka ce, "Darlene, sa takalmi. Kukan nan a kan dutse ma ana iya yinsa, kuma can ya fi kyan kallo." Na zage ka ranar, na kuma shiga motar. Ka ba ni aron kyamara, ka zuba mini kofi daga fulas ɗinka, kofin da ban taɓa shan mai muninsa ba. Da rana ta taɓa kan dutsen, ya yi ja, jan ya sauko cikin ruwa, na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Ka juya mini baya kana gyara ƙafar kyamararka har na gama.

Rayuwarka ta aiki duk a asuba ka yi ta. Kai ke tuƙa motar share dusar ƙanƙara, ka buɗe hanya tun mutane na barci, su tashi su wuce ba su san wanda ya yi ba. Da ka yi ritaya ba ka iya barcin safe ba, sai ka koma hawan dutse. Kowa ya san tudun da ke saman tafkin bai ɗaukar mutane da yawa, kuma wanda ya riga isa shi ke kafa kyamararsa a wuri mai kyau. Kai kake riga kowa, amma da wuya ka dawo da hoton kirki, domin da ka ga baƙo yana haki a bayan mutane sai ka ɗauke kayanka ka ba shi wurin. Na sha yi maka tsiya a kan haka. Sai ka ce kai gobe ma kana nan, shi kuwa jirgi zai hau ya koma garinsu.

Kai kuma ka koya mana dokar fitila. Kafin gari ya waye mukan bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci don ta kama taurari da jan alfijir, kuma ɗan haske kaɗan in ya gilma ya ɓata hoton. Hanyar hawa tana bin bakin tafkin, a daidai inda kyamarori ke kallo. Saboda haka ka ce duk wanda ya iso bakin ruwa ya kashe fitilar goshinsa, ya ƙarasa a hankali, kada ya ɓata wa na sama aikinsu. Da lallashi ka koya mana, har da raha. Mu ne muka mayar da ita abin yi wa mutane tsawa.

Ga abin da na gano. Ranar kun fita tare da Curtis da sauran mutanenmu. A rabin hanya numfashinka ya yi nauyi, ka ce su wuce kada haske ya kuɓuce musu, za ka iso. Suka wuce. A bakin tafki ciwon zuciya ya zaunar da kai. Babu sabis ɗin waya a wurin. Ka cire fitilar daga goshinka, ka juya ta wajen tudu, kana kunnawa kana kashewa sau uku-uku, alamar da duk mai hawan dutse ya san ta neman ceto ce. Suna sama suna ganinta. Suka haɗa baki suka ƙwala kira cewa a kashe fitila. Sai hasken ya ɗauke.

Ba wanda ya zo ya gaya mini wannan. A dandalinmu na waya na gani. Da suka hau tudu akwai ɗan sabis, kuma tun ba a san abin da ya faru ba ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa wani sakarai ya ɓata musu rabin hotuna da wasan fitila. Wasu suka sa alamar dariya. Sai da rana ta ɗaga, suka naɗe kaya suna saukowa, suka tarar da kai jingine da icce. Fitilar na hannunka a kashe, batirinta lafiya lau. Da faɗuwa ka yi da tana nan a kunne. Ka ji muryoyinsu, ka gane su, ka kashe da hannunka.

Na je na sami Curtis a shagonsa na buga hotuna.

"Darlene, don Allah bar maganar nan," in ji shi. "Mun ɗauka wani baƙo ne."

"In baƙo ne fa? Baƙo ba mutum ba ne?"

"Ke ma kin san yadda hasken nan yake, kafin ki kifta ido ya tafi. Da kina nan da ke za a yi ihun."

"Wataƙila. Amma ba zan je in ce wa matarsa ya mutu yana murmushi ba."

"To me gaskiyar za ta ƙara mata? Tsohuwa ce, ki bar ta ta huta."

Na fito cike da haushi. Likita bai ce da an sauko da kai da wuri za ka rayu ba, bai kuma ce ba za ka rayu ba. Abin da na sani shi ne daga tudun zuwa inda kake ba nisa, kuma a cikin mutanen nan babu wanda ba ka taɓa ɗaukar wa jaka ba, ko ka ba shi safar hannunka, ko ka tsaya jiransa a hanya. Tambayar Curtis ta ƙarshe kuwa ta hana ni sakat kwana da kwanaki, domin ni ma ba na son in ƙara wa Noreen ciwo.

Ranar Laraba na je gidanku. Ta yanko mini burodin ayaba, muka zauna a teburin kicin, kujerarka tana nan inda ka bar ta. Na faɗa mata duka, ban rage komai ba. 

"Kuma ya kashe, ko?" ta ce.

"Ya kashe."

"Na san mijina. Da yana da numfashin magana, har haƙuri zai ba su."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce tun farko ta san labarin Curtis ya yi santsi da yawa, kuma gara ta san ka yi ƙoƙarin dawowa gare ta. Sannan ta roƙe ni abu ɗaya. Tana son hoto guda daga cikin waɗanda suka lalace, wanda haskenka ya fito a ciki, ta sa a ɗakinta, domin shi ne na ƙarshe da aka ɗauke ka kana da rai. Na bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun share hotunan tun a kan tudu. Sauran sun goge hasken a kwamfuta, suka ajiye gyararren, suka zubar da na asali. Jiya na koma na gaya mata babu, kuma a nan ne ta yi kukan.

Lyle, ina jin haushinsu, ina kuma jin haushinka kaɗan. Sau ɗaya a rayuwarka ya kamata ka ɓata wa mutane rai, ka ƙi.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Ya ba ka hutun da ba ka taɓa ba kanka ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Noreen, da 'ya'yanku Paul da Karin, da jikokinku, da abokan aikinka na motar share ƙanƙara da suka ɗauki akwatin gawarka. Allah ya ba su haƙuri da juriyar wannan rashi, ya tsaya wa Noreen a gidan da ya yi mata faɗi. Mutanen ƙungiyarmu kuwa ban yi musu ta'aziyya ba, domin ban ga abin da suka rasa ba. Hotunansu na ranar sun yi kyau ƙwarai.