Jinin da Aka Ce Lafiya Lau Yake

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayata Balkisu makwancinta a nan Illela, kuma har yau in na wuce ƙofar ɗakin gwajin jini sai zuciyata ta tafasa. Kowa cewa yake in yi haƙuri. Haƙurin rashinta na yi, wannan hukuncin Allah ne. Haƙurin yadda aka yi da ita shi ne ya gagare ni.

Duk wanda ya san kasuwar Illela ya san Balkisu mai atamfa. Mace ce mai faɗa da tsabta, ta tsallaka iyaka zuwa Ƙonni ta saro kaya, ta dawo ta dafa wa gida tuwo. A haihuwarta ta huɗu ta zubar da jini da yawa, aka ce sai an yi mata ƙari. Sani, ƙanen mijinta, ɗan kabu-kabu ne. Ya jingine babur ya miƙa hannu tun kafin a roƙe shi. Aka tura mu wani ɗakin gwaji mai zaman kansa don a duba jininsa. Ba zan kama suna ba.

Ni na raka shi. Bazara ce, rufin kwano, ɗakin kamar tanda. Kwalayen kayan gwaji na jibge a bakin taga rana na dukansu, kwalaben jinin mutane na jere kan tebur. Mai gwajin ya ɗiga jinin Sani a kan ɗan abin gwaji, ya jira kaɗan, ya ce, "Lafiya lau yake, ku kai." Muka yi masa godiya har da addu'a.

Balkisu ta farfaɗo, aka yi suna, aka sa wa jaririyar Hadiza. Bayan 'yan watanni idon Balkisu ya koma rawaya, abinci ya ƙi zama. Muka yi ta maganin shawara, har dai muka ɗauke ta zuwa Sakkwato. Can aka ce ciwon hanta ne mai tsanani, alhali lokacin awon ciki an gwada ta ba ta da shi. Likita ya ce a kawo wanda ya ba da jini. Aka gwada Sani, sai ga cutar a jikinsa, shi ma bai taɓa sani ba. Da na ba likitan labarin ɗakin nan, sai ya bayyana mini cewa kowane kwalin kayan gwaji yana ɗauke da iyakar zafin da zai iya jurewa, wasu ma sai a firji. In zafi ya dafa su, suna iya nuna babu cuta alhali akwai. Jinin da aka ɗiba ma, in aka bar shi a zafi, lalacewa yake. Ya ce ba zai rantse ba, amma ba ya ganin wata hanya. Ba a yi mako biyu ba Balkisu ta cika.

Bayan an share makoki na koma ɗakin gwajin. Akwai firji kuwa, a kusurwa, yana aiki. Na buɗe. Ledojin fiya wata ne da lemo, na sayarwa ga masu jiran sakamako. Na nuna wa mai gwajin kwalayen da ke bakin taga. Ya ce, "To mi kaka son in yi, Malam? Ƙaddara ta." Ban taɓa jin an wulakanta kalmar ƙaddara kamar ranar ba. Ƙaddara ba ta ɗauki kwali ta ajiye a rana ba. Mutum ne ya yi, da hannunsa, don ruwan sanyi ya fi masa riba.

Yau ɗakunan gwaji sun ƙaru a garin, da manyan alluna masu launi. Uzurin wuta ma ya ƙare: mai cajin waya yana da sola, mai ƙanƙara yana da sola. Amma har gobe ana ɗauro kwalayen gwaji a bayan babur da tsakar rana, wasu da rubutun Faransanci da mai sayen bai iya karantawa ba, a tsaya da su a bakin iyaka su sha zafi. Wa ke zagayawa ya duba? Da Balkisu na nan, na san abin da za ta ce. Ita da ba ta barin turmin atamfa ya wuni a rana don kada ya koɗe, za ta tambaya yadda aka yi zane ya fi ran mutum samun inuwa. Kuma ba a hankali za ta tambaya ba.

Sani yana shan magani, yana raye, amma ba shi ne Sanin da ba. Ya daina shiga gidan wansa. Mutumin da ya ba da jininsa don ceton rai, shi aka bari da nauyin da ba nasa ba, mai gwajin kuwa ya sake wuri ya sake allo.

Me ya rage na Balkisu? Rumfarta ta koma hannun wata. Faɗanta ya dawo bakina. Sai 'ya'ya huɗu, har da Hadiza mai irin goshinta. Makon jiya yarinyar ta same ni a zaure, ta tsaya tana murza bakin hijabinta.

"Kawu, wai haihuwata ta kashe Inna?"

Na tambaye ta wa ya faɗa mata. Ta ce haka ake cewa a unguwa. Wato shekara bakwai an rasa mai laifi a garin nan, sai ɗiyar da ko fuskar uwarta ba ta tuna.

Na zaunar da ita kusa da ni, na ce, "Ba ke ba ce, Hadiza. Innarki ta haife ki lafiya, ta goya ki, ta yi miki rawa. Manya ne suka yi sakaci da aikinsu. In kin girma zan faɗa miki komai, kuma ba zan rage ko kalma ɗaya ba."