Jakar da Baba ya ƙi sayarwa

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, sati uku bayan Sallar Layya, shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Da hantsi Inna ta ɗora mini ƙwaryar fura a ka, ta ce in kai wa Baba rumfa, kada in tsaya wasan carafke a hanya. Na ratsa ta gefen kasuwar dabbobi inda raƙuma ke ta gurnani, na wuce matan Affala masu cuku da masu tabarmin kaba, har na iso layin dukawa. Tun daga nesa na hango farar mota kat-kat an ajiye ta a bakin layin, yara sun kewaye ta suna leƙa madubi. A gaban rumfar Baba kuwa ga anasara biyu, mace da namiji, fuskokinsu sun yi jawur don rana, ga kuma Idi Gid, mai yi wa baƙi jagora, tsaye tsakaninsu da baƙin tabarau.

Baba baduku ne, haka ya gada. Gidanmu kullum warin jima yake yi, gauraye da ƙanshin man shanu da ake shafa wa fata. Ni ke dakan bagaruwa idan na dawo lakwal, ni ke ɗebo ruwa daga rijiyar unguwa in cika randar da ake jiƙa fatu, kuma tafin hannuna ba ya rabuwa da jan karan dafi, har ƴan ajinmu suna tsokanata wai lallena ba ya gogewa. A wannan shekara damina ba ta yi kyau ba. Gonarmu ta hanyar Affala damman da ta ba mu ba su cika rabin rumbu ba, saboda haka idon gidan duka yana kan basillar Baba. Akwai wata jaka da ya kwashe kusan wata guda yana yi, ja ce da ƙyallen koren fata a tsakiya, ga tuntaye sirara suna reto a ƙasa. Da yamma idan muna gaɗa a tsakar gida, yana zaune bakin zaure da ita a cinya, yana matso ta kusa da ido saboda ganinsa ya fara rauni. Ita ce na tarar a kafaɗar baturiyar nan, tana jujjuyawa, mijinta yana ɗaukarta hoto.

A lokacin, da zarar sanyi ya shigo, ƴan yawon buɗe ido sukan ratso ta Tawa kan hanyarsu ta zuwa arewa. Ba su jin Hausa, mu kuma manyanmu ba su jin Faransanci, sai aka samu samari irin su Idi waɗanda suka ɗan taɓa lakwal suka bari, suna tare su tun daga tasha. Idi shi ne bakinsu, shi ne kuma bankinsu. Ranar Lahadi banki a rufe yake, baƙin kuma kuɗin ƙasarsu ke aljihunsu, sai su miƙa wa Idi takardar Faransa, shi kuma ya zaro sefa daga nasa aljihun ya biya mai kaya. Mai kaya ba ya sanin abin da aka bayar, baƙo ba ya sanin abin da ya isa hannun mai kaya. Ga shi kuma lissafinmu da nasu ba ɗaya ba ne: mu da dala muke ƙirga, su da tamma, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce, ko da mutum ya tsinci wata lamba a bakinsu ba za ta yi daidai da abin da ya sani ba.

Na sauke ƙwarya a bayan rumfa na durƙusa ina jiran Baba ya sallame ni. A nan ne kunnena ya kama maganar. A lakwal ɗinmu duk wanda ya yi Hausa a aji sai a rataya masa sambol, wani ƙashin jaki mai igiya, ya wuni da shi a wuya, kuma tsoron wannan ƙashi ya sa na iya Faransanci fiye da shekaruna. Da kunnena na ji Idi ya ce wa baturen tsohon ya kafe a kan jikka goma, wato sefa dubu goma. Baturen ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya yarda, ya buɗe jakar kuɗinsa. Sai Idi ya juyo wurin Baba, ya tausasa murya kamar mai jaje, ya ce: "Baba, wallahi na yi iya yina, sun ce jikka huɗu, in ba haka ba su tahi." Na ga Baba ya dubi jakar, ya dubi ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Allah shi sa albarka."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa baturiyar da Faransancin aji, kalma bayan kalma kamar ina karanta allo, cewa mutumin nan ƙarya yake yi, jikka huɗu ya gaya wa babana, shida zai sa a aljihu. A raina na riga na gama tsara abin da zai faru: baturen zai fusata, ya kori Idi, ya damƙa wa Baba kuɗinsa cif.

Ba haka aka yi ba. Baturiyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta shafa kitsona, ta ce yarinyar nan akwai wayo, ta zaro alawa ɗaya daga aljihu ta miƙo mini. Mijin kuwa ya mayar da takardar kuɗinsa cikin jaka, ya ce ashe tsohon ya yarda da jikka huɗu, to shi ma huɗun zai biya, ba ya ƙara ko tamma. Har da murmushinsa, kamar wanda ya ci caca. Mutumin da minti ɗaya da ya wuce ya ga jakar ta cancanci goma, bai ji zafin bayarwa ba, yanzu da ya gane cewa talauci ya sa mai ita ya sunkuyar da kai, sai ya zaɓi ya tsaya a kan talaucin. Shekaru sun wuce talatin, amma har yau ban manta wannan murmushi ba. Na fi jin haushinsa a kan na Idi. Idi ɓarawo ne mai jin yunwa irin tamu. Shi kuwa man da motarsa ta sha daga Ƙonni zuwa Tawa ya fi abin da yake ƙoƙarin ragewa.

Baba ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, mi suka ce?" Na gaya masa duka, tun daga goma har zuwa huɗu. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya miƙa hannu biyu wurin baturiyar cikin ladabi har ta cire jakar ta ba shi, ya rataye ta a ƙusar da take, ya koma ya zauna ya jawo ƙwaryar furarsa. Baturen ya ce biyar, ya ce shida, ni ce ma nake fassarawa, Baba bai ko ɗago ba. Alawar na bar ta a ƙasa inda ta faɗi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya koya mini yadda duniya take. Idi ya gaya wa sauran ƴan gid, kuma har sanyin ya fita babu anasara ɗaya da aka kawo rumfarmu. Sai mu gan su ana ratsawa da su ta gabanmu, ana nuna musu ta maƙwabta. Dukawan layin, waɗanda na ɗauka za su yaba mini, su ne suka fi kowa zagina. Maƙwabcinmu na rumfa ya ce a gabana wai wannan shi ne amfanin sa ɗiya mace lakwal, ta zo ta zubar wa ubanta da abinci. A nan na gane cewa dukansu sun san ana yankarsu, ba su dai san zurfin yankan ba, kuma ba su son su sani. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ban kuma ga laifinta ba, don ita ke auna hatsin da ake dakawa, ita ta san inda tiya ta tsaya. Baba ya koma bin kasuwannin ƙauye, yana hawa bayan babbar mota zuwa Tebaram da buhun takalma da kuben wuƙa, ya dawo da ƙafafu a kumbure. Sau ɗaya na yi kuka na ce ya yafe mini. Ya ce, "Abin da kunnenki ya ji kika hwaɗi, ina laihinki?" Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya. Jakar kuwa, wani Buzu mai raƙuma ya saya wa amaryarsa ita gab da damina, jikka bakwai, cikin Hausarsa mai karyewa, shi da Baba ido da ido.

Yanzu anasara sun daina ratsowa ta Tawa, hanyar arewa ba ta biyuwa gare su kamar da. Ƴan gid sun watse, wasu sun koma kabu-kabu, layin dukawa kuma ya cika da jakunkunan roba da ake kawowa cikin kwali. Ni ma aiki ya kai ni ƙasashen mutane, na tsaya a gaban masu canji ina ƙirga takardun da ban saba da su ba, na shiga kasuwannin da ba na jin yarensu, abokan tafiya suna gargaɗina in raba kowane farashi biyu kada a cuce ni. Wurin mai kanti nakan yi ciniki kamar kowa. Amma idan na ga tsoho zaune da aikin hannunsa a cinya, yana matso shi kusa da ido, sai bakina ya yi nauyi. Abin da ya ce, shi nake biya.